BA TOTUR BODI AKE KWANCEWA BA, MALAM, ALJIHUNKA NE

Jama'a ku yi haƙuri, yau rubutun da ɗan tsawo, kuma na san abokaina makanikai ba za su ji daɗi ba. To sai dai abin ya ishe ni.

Sati uku da suka wuce Camry ɗina, ƙirar 2008 ɗin nan da muke cewa Muscle, ta fara wani iskanci. A silo sai ka ji inji yana hawa yana sauka, in na tsaya a danja ta mutu. Ran nan kuma ina tsakiyar wuce wata tirela a hanyar Zariya, da iyali a baya, sai fitilar nan mai hoton inji ta kama, na taka totur har ƙasa mota ta ƙi jawuwa. Allah ne ya sa babu mota a gaba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya san ba maganar wasa nake ba.

Na kai ta gareji. Ba zan faɗi wane ba, don ba shi kaɗai ke yi ba. Ogan ko bonet bai gama buɗewa ba ya ce, "Alhaji, fulogi ne." Aka canza. Kwana biyu ta dawo da halinta. "Alhaji, famfon mai ne, ai man yanzu ba shi da kyau." Aka canza. Kwana huɗu ta sake. Sai ya girgiza kai kamar likitan da ya gano kansa ya ce, "Gaskiya totur bodi ne ya tafi." Na sayo tokumbo, kuɗin da ko a mafarki ban sa shi a lissafin watan ba. Washegari da safe, a ƙofar gida, fitilar ta sake kamawa.

Kun san mene ne matsalar? Soket. Soket ɗin wayoyin da ke shiga totur bodi ne ruwa ya shige shi wajen wankin inji da famfo mai ƙarfi, ƙarafan ciki suka yi tsatsa kore shar. Wani yaro mai gyaran waya, wanda bai kai shekara 25 ba, shi ya gano, da na'urar bincike da mita a hannu. Ya jijjiga wayar yana kallon allo, lambobi suka yi tsalle, ya ce, "Baba, ga ɓarawon nan." Bai cika awa guda ba. Sati uku an bar jaki ana dukan taiki.

Bari in ɗan yi bayani don waɗanda ba su san abin ba, domin rashin saninmu ne jarin wasu. Totur bodi shi ne maƙogwaron inji. Wani bututun ƙarfe ne da faifai a ciki, faifan yana buɗewa yana rufewa don ƙayyade iskar da za ta shiga. A tsofaffin motoci waya ce ta ƙarfe daga takalmin totur take jan faifan kai tsaye. Amma Camry tun daga ƙirar 2002, da yawancin motocin da ke titi yanzu, babu wannan waya. Ka taka totur, sensa ta sanar da kwamfutar mota, kwamfutar ta umarci wani ƙaramin moto ya buɗe faifan. A jikin totur bodin akwai sensa mai layi biyu da ke mayar wa kwamfuta rahoton iyakar buɗewar. In rahotannin biyu suka saɓa, kwamfuta ba ta yarda ta yi caca da ranka: sai ta yanke wa moton wuta, sifirin ya mayar da faifan kusan rufe, mota ta koma rarrafe. Abin da ya same ni a hanyar Zariya ke nan. Motar ba hauka ta yi ba, kāre ni take yi daga abin da ya fi muni.

To a nan gizo ke saƙar. Wannan saɓanin rahoto yana iya zuwa daga sensar kanta, haka ne. Amma yana iya zuwa daga waya da ɓera ya ci, ko soket mai tsatsa, ko batir da ya yi sanyi, ko wayar ayis da ta kwance. Silo mai rawa kuma sau da yawa datti ne kawai ya taru a bakin faifan, ko tiyon iska ya tsage yana shigo da iskar da kwamfuta ba ta lissafa ba. Duk waɗannan alamominsu kusan ɗaya ne. Mutumin da zai ce ya rarrabe su da kunne, wallahi ko dai waliyyi ne ko maƙaryaci, kuma ban cika ganin waliyyai a gareji ba.

Wani abin haushi, har yau wasu na ɗora wa mai laifi. A irin waɗannan motoci mai ba ya bi ta totur bodi sam, iska ce kawai. Zamanin kafireto na 504 ne mai da iska ke haɗuwa a wuri ɗaya. Baƙin dattin da kake gani a faifan tururin baƙin mai ne da inji ke mayarwa ta hanyar iska, ya haɗu da ƙura. Mu kuwa da hunturu, da matatar iska da ake hurawa da kwamfuresa shekara biyu ba a canza ba, ai dole. Gurɓataccen mai yana da nasa ɓarnar, mun gani a Fabrairun 2022, amma ba kowane tari ne nasa ba.

Za a ce, ai yanzu ana sa kwamfuta. Ana sawa. Duk motar da aka sayar a Amurka tun 1996 tana da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, kuma na'urar karanta shi ta yi arha har ana haɗa ta da wayar hannu. Amma ku ga yadda ake yi: a jona, ta nuna P2135 ko P0121, mai kwamfuta ya ga kalmar totur a allo, ya ce a canza, ya goge lambar, ya karɓi kuɗinsa. Haba! Lambar nan ba cewa ta yi kayan ya lalace ba. Cewa ta yi a wannan layin akwai matsala, je ka duba. Kamar a ce maka wuta ba ta zuwa ɗakinka, kai kuma ka tafi sayen sabon firij. Mai aikin gaskiya zai auna ko volt 5 ɗin da kwamfuta ke ba sensa yana isowa, ya kalli lambobin sensar yana taka totur a hankali ya ga ko suna hawa sumul ko suna tsalle, ya jijjiga waya, ya duba tiyo, ya auna batir. Sai duk waɗannan sun fita lafiya, an wanke faifan an sake gwadawa, sannan a yi maganar canji.

Wankin ma sai ka gani ka riƙe baki. A kwance shi a tsoma a fetur har moton ciki ya sha, ko a danna faifan da sukudireba alhali makulli na kunne, ko a murɗa ɗan kusan da kamfani ya saita wai ana gyara silo. Ana gamawa a ɗaura da tsohon gasket. Sannan ba a sake koya wa kwamfutar sabon matsayin faifan ba, wanda wasu motoci, musamman Nissan da Volkswagen, sai an yi musu ko silo ya zauna. Mota ta tashi tana ihu, sai a ce, "Ka gani ko, dama na ce maka ya mutu." Kai ka kashe shi, ɗan'uwa.

Amma laifi tudu ne. Mu masu mota fa? Mu ne za mu biya kuɗin kaya ko nawa ne ba gardama, amma makanike ya ce a ba shi kuɗin awa biyu da ya yi yana bin waya, sai mu ce, "Me ka yi? Ai ba ka canza komai ba." To wane darasi muka koya masa? Cewa bincike ba ya kawo abinci, canji ne ke kawowa, ga kuma ɗan abin da mai shago zai sammasa. Ni kaina na ba ogan can kuɗi sau uku ban yi ƙorafi ba, amma da yaron nan ya faɗi kuɗinsa sai da na ji bakina na shirin cewa "rage mana". Na ji kunyar kaina. Mu ne kuma muke yawo wata shida da fitilar gargaɗi a kunne, har wani ya liƙe ta da baƙin salatif don kada ta dame shi. Inji ya mutu maka a shataletale, sitiyari ya yi nauyi, birki ya ƙage bayan taku ɗaya ko biyu, sannan ka san ko salatif na gyara mota.

Na yarda, akwai totur bodin da yake mutuwa da gaske. Haƙoran giyar roba da ke ciki suna cinyewa, moton yana ƙonewa, sensa tana gajiya. In haka ne a canza, babu musu. Amma a duba lambar da ke jikin tsohon a sayo irinta, ba a ce "ai duk Camry ce" ba, domin mai silinda 4 da mai 6 ba ɗaya ba ne. Ko a Ƙofar Ruwa ka saya, ko Panteka, ko Ladipo, tokumbo tokumbo ne: daga jikin wata mota aka ciro shi, ba ka san me ya gani ba, don haka ka yi sharaɗin mayarwa kafin ka biya. Sabon gasket, a koya wa kwamfuta, a fita gwaji tare da kai.

Kafin 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin mai, naira kuma ta bi ta faɗi, wataƙila mutum zai iya jure wa "mu gwada mu gani" sau biyu sau uku. Yanzu kowane gwaji buhun shinkafa ne ko kuɗin makarantar yaro. Ƙungiyoyin makanikai suna da shugabanni, suna karɓar kuɗin ƙungiya. Me zai hana su ce kowane gareji ya nemi mai mita da na'ura ko ya haɗa kai da wanda yake da su? Yaran da suka iya abin nan suna nan, ogogi ne ke jin nauyin kiransu.

Af, na manta ban faɗa muku ba. Da na koma neman tsohon totur bodina, wanda yanzu mun tabbatar lafiyarsa ƙalau, sai aka ce yara sun share gareji ba a san inda ya shiga ba. Famfon man ma haka. Na ce ba komai, gobe da ƙarfe 9 zan dawo, su sa yaran su tuna.