Gabar Pillars Da Katsina United: Wa Zai Gaje Ta?

Sanannen abu ne ga masu bin wasan tamaula cewa ba a ga maciji tsakanin Kano Pillars da Katsina United. A watan Afrilu na 2022, a Kano, 'yan kallo suka farfasa motar 'yan wasan Katsina, hukuma ta ƙwace wa Pillars maki 3. Ƙarshen kakar duka biyun suka faɗo daga babban rukuni, a 2023 kuma suka hau tare.

To, amma saurayin Funtua ko Malumfashi, in ya taso daga gonar masara ko auduga, da wuya ya nufi filin Muhammadu Dikko, gama Katsina da nisa, kuɗin mota da tsada, hanya kuwa ba a sakin jiki da ita da dare. Gidan kallo yake shiga, ya biya 'yan kuɗi kaɗan, ya ga Real Madrid da Barcelona. 'Yan kasuwa sun gane haka, rigunan Turai suke kasawa. Gabar dai tana da sauran rai a biranen biyu, amma yaron karkara ya san mai tsaron gidan Madrid, bai san na Katsina ba.