Masu cewa "nemo x" ba ta da amfani, ku matso kusa

1/ Da an taɓo zancen makaranta sai wani ya fito yana cewa wai aljebra ɓata lokaci ce, tunda ya gama sakandare bai taɓa haɗuwa da x a kasuwa ba. Malam, kullum kuna haɗuwa, gane ta ne ba ka yi.

2/ Jiya wani mai shago ya nuna min rasit na N21,500, har da harajin VAT a ciki. Na ce nawa ne harajin? Ya danna kalkuleta, ya cire kashi 7.5 cikin 100 na 21,500, ya ce N1,612.50. Wallahi ba haka ba ne.

3/ Kashi 7.5 ɗin nan da ake karɓa a Najeriya tun Fabrairun 2020, a kan asalin farashi ake ɗora shi, ba a kan jimla ba. Asalin farashin kuwa shi ne x ɗin da kuke rainawa.

x + 0.075x = 21,500
1.075x = 21,500

Raba kowane ɓangare da 1.075, x ta zama 20,000. Haraji N1,500 ke nan.

4/ Za ka ce ai bambancin N112.50 ne kacal. To in irin wannan rasit hamsin yake rubutawa a rana fa? N5,625 yake zaftarewa daga kuɗinsa ya kira su haraji.

5/ Su ma malaman lissafi da laifinsu fa. A cika allo da x da y, a ce "in ya tsallaka sai ya canza alama", ko sau ɗaya ba a kawo rasit aji ba. Yaro ya haddace, ya ci WAEC, ya buɗe shago, ya manta.