Littafin Sa Hannu Amana Ce

A watan Disamba na 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a fitar da jami'o'i da sauran manyan makarantu daga tsarin biyan albashi na IPPIS. An yi murna, domin tsarin nan yana cikin dalilan da suka sa malaman jami'a suka yi yajin aiki na watanni tara a 2020. To, amma ya kamata a tuna abin da ya sa aka ƙirƙiro shi tun 2007, wato kawar da ma'aikatan bogi. Nauyin nan yanzu ya komo kan makarantun.

Wannan magana ta shafi Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, wadda aka kafa a 2013, ta kuma shafi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Gesse. Lalle ne Magatakarda na kowace makaranta ya san wanda ya zo aiki, da wanda ke hutun shekara, da wanda ya tafi ƙarin ilmi da ranar da zai komo. In ma'aikaci ɗaya ya sa wa abokansa hannu da safe, ko aka ba da hutu da baki ba takarda, ɗalibi ne ke shan wahala. Shi ne zai biya kuɗin mota daga Argungu don karɓar sakamako, ya tarar da ofis a kulle.

Tsoratarwa ba ta magance wannan ciwo. A 1984, zamanin Yaƙi da Rashin Ɗa'a, an sa makararrun ma'aikata tsallen kwaɗo, amma halin bai gushe ba. Na'urar dangwala yatsa ma ba ta da amfani in shugaban sashe ba ya duba abin da ta rubuta.

Abin da ya kamata shi ne kowane sashe ya tsara jadawalin hutu tun farkon shekara, a liƙa shi inda kowa zai gani, a rubuta sunan mai riƙon aiki. Malami kuwa a auna shi da darussan da ya koyar da jarrabawar da ya duba. Wanda ya cancanci hutu a ba shi ba tare da kamun ƙafa ba. In makarantu suka yi sakaci da wannan amana, su ne za su ba masu son mayar da albashi Abuja hujja.