Mahrusa, jirgin da aka saya da guminsu aka ce na ƙasa ne

Duk lokacin da hoton Mahrusa ya faɗo a Facebook ko TikTok, sai ka ga ana ta yabo, wai ga shaida cewa Masar ta waye tun kafin wasu su farka. Ni dai ban ga wayewar ba. Abin da nake gani shi ne mai mulki ya ci bashi da sunan talakawa ya sayi abin hawa na shaƙatawa.

A 1865 kamfanin Samuda da ke Landan ya ƙera wa Isma'il Pasha wannan jirgin ruwa mai tafiya da tururi. Sarauniya Biktoriya ta Ingila na da nata tun 1843, Napoliyon na Uku na Faransa ma yana da nasa, to Isma'il ba zai yarda a bar shi a baya ba. Lokacin yana ganin kuɗin auduga ba za su ƙare ba, saboda yaƙin basasar Amurka ya sa masaƙun Ingila sun koma sayen ta Masar. A shekarar da aka gama jirgin yaƙin ya ƙare, farashin auduga ya faɗi, shi kuwa bai rage hannu ba. A bikin buɗe mashigin Suwez na 1869 ya tara sarakunan Turai ya yi ɓarin kuɗi kamar babu gobe, alhali manoman da aka tilasta wa haƙa mashigin a farkon aikin ba su da kujera a wurin.

Masu kare shi sukan ce ai ya shimfiɗa layin dogo, ya gina makarantu. Gaskiya ne, kuma ba na ƙwace masa wannan. Amma jirgin fa? Da aka so ƙara masa tsawo a 1872, Landan aka mayar da shi. Da aka so sauya masa inji a 1905, Gilasgo aka kai shi. A sana'ata ta rubuta manhaja mun san wannan cutar: ma'aikata ta sayi tsari mai tsada daga waje, a yanka kintinkiri, a ɗauki hoto, amma ran da abu ya tsaya babu ɗan gida ɗaya da ya san cikinsa. Wanda ya ƙera shi ne mai shi, kai dai rasidi kawai ka riƙe. Kayan aro ba ya rufe katara, balle na bashi.

A 1875 Isma'il ya sayar wa Birtaniya hannun jarin Masar a mashigin kan kusan fam miliyan 4. Shekara guda bayan haka gwamnati ta kasa biyan bashi, Turawa masu bin kuɗi suka kafa hukuma suka zauna kan baitulmalin ƙasar. A 1879 Sarkin Daular Usmaniyya ya tuɓe shi bisa matsin Ingila da Faransa, a 1882 kuma sojan Ingila suka shigo.

Mahrusa ce ta kwashi Isma'il zuwa gudun hijira a Italiya. A watan Yuli na 1952 ita ce dai ta ɗauki jikansa, Sarki Faruk, daga Iskandariyya zuwa ƙasar da aka kai kakan.