Hangen Dala Ba Hawan Wase Ba Ne

Mu mutanen Taba ba 'yan dutse ba ne. Abin da muka sani shi ne fadama da rake da barkono, sai hanyar Hunkuyi idan za mu shiga Zariya. Shi ya sa da yayin hawan dutse ya taso daga Abuja da Jos ya faɗo cikin wayoyinmu, muka karɓe shi hannu bibbiyu, har da kuskuren da ya zo da shi. Kuskuren kuwa shi ne auna wuyar dutse da tsawonsa, kuma da masu tallan waɗannan tafiye-tafiye muke wannan magana.

Kowa ya ga irin tallan a Facebook da WhatsApp. Za a jera duwatsun Arewa kamar sakamakon jarrabawa: Dala mita 534, Zuma mita 725, Shere mita 1,829, Chappal Waddi mita 2,419. Daga nan sai a raba wa mutane aji, wai na ƙasa na 'yan koyo ne, na sama na gwanaye. A biya kuɗin mota da na riga, a tafi.

Mu da sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce, abu na farko da muke tambaya idan an miƙo mana lamba shi ne: daga ina aka fara ƙirga? Waɗannan lambobi duk daga bakin teku aka auno su. Birnin Kano kansa yana kimanin mita 480 sama da teku, ke nan abin da ƙafarka za ta hau a Dala 'yan gomomin mita ne, a kan matakalar siminti, da yara na tsere a gefenka. Zariya ta haura mita 600. Wato wanda ke kwance a kan tabarma a Tudun Wada yana jin rediyo ya fi wanda ke tsaye a ƙololuwar Dala nisa da teku. Sai a ba shi kambun hawan dutse ke nan? Jos na kan mita 1,200 da 'yan kai, don haka kashi biyu cikin uku na lambar Shere mota ce ta hau maka.

To, a ce ma an gyara lissafin, an fara ƙirga daga gindin dutse. Har yanzu ba a taɓo maganar ba. Chappal Waddi, da ke gandun dajin Gashaka Gumti a Taraba, kan iyakarmu da Kamaru, shi ne mafi tsawo a Najeriya. Zuwa kansa tafiyar kwanaki ce da jaka a baya, da ɗan jagora, da tsallake rafuka. Zai cinye maka gwiwa da numfashi, amma da ƙafa ake zuwa. Dutsen Wase a Filato kuwa kimanin mita 300 ne kacal daga ƙasa, sai dai a tsaye yake cak kamar bangon rumbu. Wanda ya gaji a hanyar Chappal Waddi zama zai yi ya sha ruwa. Wanda hannunsa ya gaji a jikin Wase babu wurin zama. Gajiya daban, haɗari daban, amma jadawalin masu talla ya zuba su a ƙwarya ɗaya.

Waɗanda suka riga mu wannan harka sun daɗe da raba su. A Dutsen Kenya akwai ƙololuwar Lenana mai mita 4,985, wadda masu yawon buɗe ido ke takawa da sanda a hannu. Kusa da ita akwai Batian mai mita 5,199. Bambancin mita 214 ne, amma Batian sai da igiya da ƙugiya da sa'o'i na maƙalewa a jikin dutse. Kilimanjaro ta Tanzaniya ta fi su duka da mita 5,895, ita ma tafiya ce, sanyi da ƙarancin iska ne abokan gaba. Everest ta fi K2 da mita 238, amma tun 1980 aka hau Everest a tsakiyar hunturu, ita kuwa K2 ba ta ba da kai a hunturu ba sai Janairun 2021, a hannun wata tawagar 'yan Nepal. Shekara 41 tsakani.

Ba karatun intanet ne ya sa mu ɗaga murya ba. Mu ma mun yi irin wannan jadawali a ƙungiyarmu, mu da muke taƙama da digirin kwamfuta. Muka zuba sunaye da lambobi, muka latsa a jera daga babba zuwa ƙarami, muka ji mun yi ilimi. Da yake mun taɓa zuwa Shere lafiya, kuma lambar Kufena ba ta kama ƙafar ta Shere ba, sai muka rubuta "mai sauƙi" a gaban Kufena. Wata Asabar cikin Agusta, an kwana ana ruwa, muka ɗebi ƙannenmu muka tafi. Ɗaya daga cikinsu silifas ne a ƙafarsa, ba wanda ya ce masa uffan, tunda ai mai sauƙi ne. Hawa ya yi daɗi, aka yi hotuna. A saukowa muka bar hanyar da muka bi, muka yanke ta kan wani falalen dutse da ruwa ke tsattsafowa, gansakuka ta lulluɓe shi. Ƙafar yaron ta zame. Mu huɗu muka sauko da shi a kafaɗa, muna ja da gindi a wasu wuraren, shi yana salati mu muna ba shi haƙuri. Wata biyu yana hannun mai ɗori, jarrabawar zangon ta wuce shi. Mahaifinsa bai yi mana faɗa ba. Ya dai dube mu ya ce, ku ne fa manya. Har yau da ya zage mu da ya fi mana sauƙi.

Da labari ya iso gari, wata gwaggonmu ta ce dama dutsen da masu shi. Ba mu musun aljanu, kuma ba mu yi mata gardama ba. Amma wannan bayani shi ma bai raba kowa da haɗari ba, domin bai ce ga inda za a taka ga inda ba za a taka ba. Haka aka daɗe ana cewa Zuma ba ya hawuwa, ga shi yau matasa na hawansa. Mutanen da kuwa ba su ji tsoron duwatsun nan haka ba. Ganuwa ta kewaye Kufena, an zauna a Turunku, Barbushe a kan Dala ya yi zamaninsa. Sun san gefen da tsohuwa za ta bi da tulu a ka, sun san gefen da ko akuya ba ta bi. Wannan sanin ne muka yar, muka ɗauki lamba.

Abin da za a auna hanya ce, ba dutse ba. Dutse ɗaya na iya samun hanyar da yaro zai bi da wadda gwani zai ja da baya. A Amurka suna da ma'aunin Yosemite mai aji biyar, daga tafiya zalla zuwa inda igiya ta zama dole. Faransawa na da nasu na tsaunukan Alps, da haruffa daga F zuwa ED. Ba sai mun aro haruffan kowa ba, Hausa ta wadatar. Akwai hanyar hannu-a-aljihu, irin matakalar Dala. Akwai ta sanda. Akwai ta dafe, inda hannu ke taya ƙafa. Akwai ta rarrafe, wadda zamewa a kanta karaya ce ko abin da ya fi haka. Sai ta igiya, wadda bai kamata a kai kowa ba sai wanda aka koya wa ɗaurin ƙulli, a wuri irin makarantar horon nan da ke Shere. A kuma riƙa rubuta aji biyu ga kowace hanya, na rani da na damina, don falalen da ke riƙe takalmi a Janairu sabulu ne a Agusta. Ajin kuma da wuri mafi muni a hanyar ake yanke shi, ko da taku goma ne, kuma da saukowa ake gwada shi, lokacin da ƙafa ta mutu ido na kallon ƙasa.

Mun san abin da masu shirya tafiya za su ce, tunda an riga an faɗa mana: wai za mu tsorata mutane, kasuwa ta mutu, kuma komai ƙaddara ne. Direban da ya san burkinsa ba ya ci shi ma yana iya faɗin haka. Wanda ya karɓi kuɗin mutane ya kai su gindin dutse, ya ɗauki amana. In bai taɓa bin hanyar da ƙafarsa ba, a wannan yanayin, ba shi da hurumin rubuta "mai sauƙi". In kuwa ya bi, me zai hana shi faɗa wa uwar da za ta saki 'yarta cewa akwai wurin rarrafe, kada a zo da silifas, kuma babu wata tawagar ceto da ke jira a gindin dutsen?

Namu jadawalin mun goge layin tsawo gaba ɗaya. Da kaka ta shiga muka koma Kufena da littafi da biro, muka sami wani dattijo mai kiwon awaki a gindin dutsen, muka ce Baba a nuna mana hanyoyi. Ya kai mu har falalen da yaron ya faɗi, ya ƙwanƙwasa shi da sanda, ya tambaye mu wa ya ce mu bi ta nan.