Aljihun alƙali da allurar rigakafi

Matasa, kun san shari'ar Bruesewitz da kamfanin Wyeth a Kotun Ƙolin Amurka? Iyaye ne suka kai ƙara cewa allurar rigakafi ta nakasa 'yarsu. Pfizer ce ta sayi Wyeth, shugaban kotun kuma, John Roberts, yana da hannun jari a Pfizer. Sai da ya sayar da shi kafin ya zauna shari'ar. A 2011 kamfanin ya yi nasara, alƙalai shida suka rinjayi biyu.

Doka ta yarda, amma da janyewa ya yi da ya toshe bakin masu zargi. Ku matsa a riƙa bayyana kadarorin alƙalai, haƙƙinku ne. Sai dai fa shakkar alƙali ba hujjar hana ƙannenku rigakafi ba ce. Ku tantance kafin ku tura.