Bayan allurar ido, a koma awo

Jama'ar Sanam, ga wata magana da ta dame mu. Wasunmu sukan je Yamai neman maganin ido. Idan cikin ido ya kumbura, kamar yadda ciwon sukari yake jawowa, likita yakan yi allurar kotizon a idon. Kumburi ya sauka, gani ya gyaru. Madalla.

Amma maganin yana da illa. A idon wasu mutane, yana hana ruwan da ke cikin ƙwayar ido fita ta hanyarsa. Sai ruwan ya taru, ya matse jijiyar gani. Shi ne ake kira hawan jinin ido. Sau da yawa ba zafi, ba ja. Yana iya zuwa bayan makonni, ko watanni. Jijiyar da ta mutu kuwa ba ta farfaɗowa.

Mun san tafiya Yamai ta Filinge akwai nisa, ga kuɗin mota, ga noman gero. Duk da haka, a ganinmu wajibi ne a koma ranar da likita ya sa, ko da ido garau yake. Idan awo ya gano shi da wuri, maganin ɗigawa yakan sauke shi.

Muna roƙon likitoci su riƙa rubuta mana ranar komawa da manyan baƙaƙe, tunda yanzu muna karantawa.